Kuɗin Bincike da Martabar Jami'o'i: Nazari a kan Ma'auni Biyu da Suka Saɓa

Tsakure

Maƙalar ta dubi ma'auni biyu da mahukunta da iyayen ɗalibai suke dogara da su wajen fifita wata jami'a a kan wata, wato yawan kuɗin da take kashewa a kan bincike, da matsayin da jadawalin martaba na duniya yake ba ta. An ɗauki alƙaluman Amurka na shekarar kuɗi ta 2022 an gwama su da jadawalin Shanghai da na Times Higher Education, sannan aka waiwayi Sin da Rasha da Faransa da Masar. Abin da ya bayyana shi ne, yawancin saɓanin da ke tsakanin ma'aunan biyu ya taso ne daga ƙa'idojin lissafi da kuma fannin ilmin da jami'a ta fi ƙarfi a kansa.

Asalin mas'alar

Tun daga shekarar 2003, lokacin da wasu malaman Jami'ar Jiao Tong ta birnin Shanghai, bisa jagorancin Liu Niancai, suka fitar da jadawalin farko na jami'o'in duniya, da nufin su gane tazarar da ke tsakanin makarantun ƙasarsu da manyan jami'o'in Amurka, sha'anin jeranta jami'o'i ya fita daga hannun malamai ya shiga majalisun gwamnatoci, har ya zamana ministan ilmi yakan kwana da fargabar abin da jadawalin bana zai ce. Mujallar Times Higher Education ta bi sahu a 2004 tare da kamfanin QS, kafin su raba gari kowa ya kama nasa daga 2010.

Kowane jadawali da irin mizaninsa. Na Shanghai bai sanya kuɗi a cikin lissafinsa ba ko kaɗan: kashi 30 cikin ɗari na makinsa yana kan lambobin Nobel da na Fields da malamai ko tsofaffin ɗaliban jami'a suka samu, kashi 20 a kan masanan da aka fi ambaton ayyukansu, kashi 20 a kan maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science, kashi 20 a kan yawan maƙalu a manyan kundayen ƙididdiga, sai kashi 10 kacal da ya lura da girman jami'a ko ƙanƙantarta. Na Times kuwa, a tsarin da ya yi aiki da shi har zuwa jadawalin 2023, ya ba shuhura kashi 33, wadda ake samo ta daga jin ra'ayin malamai a faɗin duniya, ya ba ambato kashi 30, ya kuma ba kuɗin bincike kashi 6. A nan akwai abin lura ga mai son kafa hujja, domin wanda ya ce kuɗi ne ke kawo martaba, alhali kuɗin da kansa yana cikin abin da aka haɗa aka fitar da martabar, ya faɗa cikin abin da malaman manɗiƙi suke kira dauri, ya kafa dalili da abin da ake neman a tabbatar.

Shaidar Amurka

Amurka tana tsare alƙaluman wannan fage sosai, saboda hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, tana tattara su daga jami'o'i kowace shekara. A shekarar kuɗi ta 2022 jimillar abin da jami'o'in suka kashe a kan bincike ya kai dala biliyan 97.8, fiye da rabinsa daga aljihun gwamnatin tarayya. Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore ce ta zo ta ɗaya da dala biliyan 3.4, matsayin da ba ta taɓa sauka daga kansa ba tun 1979, sai Jami'ar Kalifoniya reshen San Francisco da ta Pennsylvania da ta Michigan suka biyo baya, kowacce da kimanin dala biliyan 1.8.

Da a ce kuɗi da martaba tagwaye ne, da Johns Hopkins ce ke saman kowane jadawali. Amma Harvard, wadda abin da ta kashe a wannan shekara bai kai rabin na Johns Hopkins ba, ita ce ta ɗaya a jadawalin Shanghai tun ranar da aka fara shi. Princeton, wadda nata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Johns Hopkins ba, tana cikin goman farko, haka ma Caltech mai ɗalibai dubu biyu da 'yan ɗaruruwa. Ita kuwa Johns Hopkins takan tsaya ne tsakanin ta goma da ta ashirin.

Illa ta farko ta wannan saɓani tana cikin littafin akawu. Fiye da rabin kuɗin Johns Hopkins na wani babban ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar fiziya ne da ke garin Laurel a jihar Maryland, wanda aka kafa a 1942 a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kuma mafi yawan aikinsa na rundunar sojan ruwa da ma'aikatar tsaro da hukumar NASA ne, aikin da wani sashe nasa sirri ne, ba a buga shi a mujalla balle a ambace shi. Caltech ma tana gudanar wa NASA da cibiyar JPL, wadda kasafinta ya haura dala biliyan biyu a shekara, MIT kuma tana riƙe da ɗakin gwaje-gwaje na Lincoln. Sai dai da yake doka ta ɗauki waɗannan biyun a matsayin cibiyoyin gwamnatin tarayya da aka danƙa wa jami'a amanarsu, ba a zuba kuɗinsu a lissafin jami'ar, alhali na Laurel ana zubawa. Wanda ya ɗauki alƙaluman nan ya jera su bai san wannan ba, daidai yake da mai sayen hatsi da ya kwatanta farashin kasuwa biyu bai tambayi girman mudun kowacce ba.

Illa ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce ilmin likitanci. Fiye da rabin kuɗin binciken jami'o'in Amurka yana tafiya ne ga ilmin halittu masu rai da na lafiya, domin gwajin magani a kan dubban marasa lafiya yana cin dukiyar da masanin lissafi ba zai ci ushirinta ba ko da zai shekara arba'in yana aiki, tun da shi abin da yake bukata bai wuce allo da littattafai da natsuwa ba. Reshen San Francisco da aka ambata ba shi da ɗaliban digiri na farko ma sam, fannonin lafiya kaɗai yake koyarwa. Princeton kuwa ba ta da makarantar likitanci. Ƙiyasi ba ya inganta sai asali da reshe sun haɗu a illa guda, kuma waɗannan biyun ba su haɗu ba.

Abin da kuɗi ya iya saye

Ba a nufin a ce dukiya ba ta da tasiri. Ƙasar Sin ta kafa shirin 211 a 1995, sannan a watan Mayu na 1998 Shugaba Jiang Zemin ya shelanta abin da ya zama shirin 985 a bikin cikar Jami'ar Peking shekara ɗari, aka ware 'yan jami'o'i aka yi ta zuba musu kuɗi ba yankewa, har Jami'ar Tsinghua ta shiga ashirin ɗin farko na jadawalin Times na 2021. Amma lamarin ya ci shekara ashirin da 'yan kai. Rasha ta gwada irin wannan da gaggawa a 2013, da burin jami'o'inta biyar su shiga ɗarin farko kafin 2020, wa'adin ya cika babu ko ɗaya daga cikin jami'o'i 21 na shirin da ta shiga ɗarin farko a manyan jadawalan nan uku na Shanghai da Times da QS. Shuhura da lambobin Nobel gado ne da ake tarawa ƙarni bayan ƙarni, jadawalin Shanghai ma yana lissafa lambobin da aka ci shekaru da dama da suka shige, ko da yake yana rage musu nauyi gwargwadon tsufansu.

Faransa ta bi wata hanya mai sauƙi. Da ta lura cewa jadawalin Shanghai yana son girma, sai ta haɗa Jami'ar Paris-Sud, wadda take ta 37 a 2019, da wasu manyan makarantu da cibiyoyin bincike ƙarƙashin sunan Paris-Saclay, a 2020 sabuwar jami'ar ta fito ta 14. Malaman su ne dai na bara, ɗakunan gwajin ma su ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki. A jadawalin Times na 2010 Jami'ar Iskandariyya ta Masar ta zo ta 147 a duniya, a fagen ambato kuma ta zo ta huɗu, ta sha gaban Harvard. Da aka bi diddigi sai aka tarar yawancin ambaton ya tattaru ne a kan malami guda, wanda ya buga ɗaruruwan maƙalunsa a mujallar da shi ne editanta. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa yawan ruwaya ba ya zama tawaturi idan duk hanyoyin suna komawa ga mutum ɗaya. Irin waɗannan raunuka suna cikin abin da ya sa Jami'ar Utrecht ta Holand ta daina miƙa bayananta ga Times a 2023, ta Zurich kuma ta bi ta a 2024.

Inda kwatanci yake inganta

Idan har za a kwatanta, to, sharaɗi ne a kwatanta fanni da fanni, sashen lissafi da sashen lissafi, asibitin koyarwa da asibitin koyarwa, a raba kuɗin da yawan malamai, a daidaita shi da tsadar rayuwar ƙasa, a kuma bar ratar shekaru tsakanin lokacin da aka kashe shi da lokacin da ake neman amfaninsa. Ko da an cika waɗannan sharuɗɗa, akwai ilmin da mizanin ba ya gani. Makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, duk da shuhurarta, ba ta cikin ɗarin farko na Shanghai a shekarun nan, saboda masana zamantakewa da tarihi littattafai suka fi rubutawa, jadawalin kuwa maƙalu yake ƙirgawa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da suke samarwa domin bincike, alkawarin da aka jaddada a taron Khartum na 2006, kuma Nijeriya tana da asusun TETFund tun 2011 da yake tallafa wa malamai. Sai dai malamin Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ya yi shekaru yana tahaƙiƙin wani rubutun ajami, ko ya wallafa nazarin nahawu da Hausa ko da Larabci a mujallar sashensa, aikinsa ba ya shiga kundin Scopus, wanda Times da QS suke ɗebo alƙalumansu daga ciki, muddin mujallar ba ta cikin waɗanda kundin ya karɓa. Don haka kuɗin da aka kashe masa yana iya fitowa a shafin kashewa, abin da ya samar kuwa ba zai fito a shafin ambato ba.