Zuhudu

zuhudu (suna, namiji, daga Larabci). Gudun duniya, cire kwaɗayin dukiya, mulki da yabo daga zuciya don neman lahira. Mai yinsa: *zahidi* ko *mai zuhudu*. Misali: *Malam ya ƙi karɓar kujerar alƙalanci saboda zuhudu.*

An san zuhudu da rage ci, taƙaita barci, da wadatuwa da riga ɗaya ko biyu. Hasanul Basri (ya rasu 110 bayan Hijira) ya shahara da shi. Abdullahi ɗan Mubarak da Imam Ahmad kowanne ya wallafa *Kitabuz Zuhdi*. A ƙasar Hausa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa barin rundunar jihadi da ya ga son duniya ya shigo, ya nufi Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi.

Musulunci ya sa masa iyaka: Annabi (SAW) ya hana sahabban da suka ƙudurta barin aure da yin azumi kullum. Attajiri mai fitar da haƙƙi yana iya zama zahidi. Wanda ya bar iyalinsa da yunwa da sunan zuhudu, sakaci ya yi.