Madatsun Ruwa da Albarkatun Kifi a Jihar Neja

Allah Ya albarkaci Jihar Neja da manyan madatsun ruwa guda huɗu masu samar da wutar lantarki. Kainji (1968) da Jebba (1985) suna kan Kogin Kwara, Shiroro (1990) da Zungeru (2023) kuma suna kan Kogin Kaduna.

Sai dai datse kogi yana sauya rayuwar abin da ke cikinsa. Kifaye irin su tarwaɗa da bargi da yauni suna bin ambaliyar damina zuwa fadamu domin yin ƙwai. Idan madatsa ta riƙe ruwan, fadamun da ke ƙasa da ita ba sa cika a kan kari, sai hayayyafa ta ragu. Bangon madatsa yana tare hanyar kifi, yana kuma tsare laka mai takin da gonakin bakin kogi suka dogara da ita.

Saboda haka muna ganin wajibi ne a riƙa sakin ruwa daidai da lokacin hayayyafar kifi, tare da sanar da ƙauyuka tun da wuri. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya. Muna kira ga sarakunan ruwa da hakimai su sa ido a kan wannan, da kuma taru mai ƙananan idanu wanda ke kwashe 'ya'yan kifi. Masu neman ƙarin bayani su tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa.