Kwaɗon nan da aka taɓa lissafawa cikin makamai

Jiya a Babban Duhu ƙanena mai sana'ar POS ya tambaye ni amfanin ɗan kwaɗon da ke fitowa gefen adireshin shafin banki. Na ce masa shi ke dagula bayananka kada ɓarawo ya karanta su a hanya.

A farkon shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta lissafa wannan fasaha cikin makamai. Manhajar Netscape mai kwaɗo mai ƙarfi ta 'yan gida ce, mu na waje sai mai rauni. Can Amurkan ma, mai son buɗe shafin kasuwanci da kwaɗo sai ya sayi lasisin RSA. A Ostareliya ne Eric Young ya fito da SSLeay kyauta a 1995, uwar OpenSSL ke nan. Sai a 2000 aka sassauta dokar, haƙƙin mallakar RSA kuma ya ƙare.

Hujjarsu tsaro. Mu da aka yanke wa layin waya a Batsari da Safana a Satumban 2021 mun san wannan hujjar sarai. To, raunin da aka dasa da gangan, a 2015 masu bincike suka tarar yana nan a shafuka da wayoyi, ƙofa ga ɓarayi. Don haka jama'a, in aka ce za a sassauta kwaɗo saboda tsaro, mu tambaya: kuɗin wa za a kwashe?