Zangon Wata

Tsofaffin Rano da Kibiya sun san al'adar fatake: madugu ba ya tasar wa Gwanja sai ya san inda ayarinsa zai yi zango, da inda jakuna za su sha ruwa. Wannan shawara ce masana ke yi yanzu game da wata.

Ƙasar Kano tana da hannu cikin mafarin al'amarin. A 1961 Amurkawa suka kafa tashar waya a Kano don sauraron kumbunansu. Ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ke kewaya duniya, ya yi magana da ma'aikatan tashar, ya ce yana hangen ƙura ta turnuƙe ƙasa. Mu kuwa mun sani hazon hunturu ne. Tashar dai ta daɗe da tashi.

Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka wata, sa'an nan aka daina, don kuɗin ya yi yawa. A 2022 Amurka ta aika da kumbo ba kowa ciki, ya kewaya wata ya komo, cikin shirin da ta kira Artemis. A shekaran nan Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar shirin.

To, mene ne amfanin komawa, tun da Mirrihu, watau Mas, ake nufi? Masu so suna cewa a 2009 an tabbatar akwai ƙanƙara cikin ramukan kudancin wata. Ruwa kuwa in an raba shi yakan ba da iskar shaƙa da man kumbo, ga shi tashi daga wata ya fi sauƙi, gama nauyin kaya can kashi ɗaya ne cikin shida na nan. Masu ƙi suna cewa sauka da tashi su ma mai suke ci, kuma ba wanda ya taɓa ɗibar ruwan nan ya sha.

A ganina, ba a dogara da rijiyar da ba a haƙa ba. Amma akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Tafiyar wata kwana 3 ce, ta Mirrihu kuwa ta fi wata 6. A 1970 tankin Apollo 13 ya fashe a hanya, mutum 3 da ke ciki suka komo gida da rai bayan kwana 4. Da a hanyar Mirrihu ne, da ba su komo ba.