Littafi da Masallaci a Gidan Tarihi na Jos: Yadda Gadon Malamai Ya Shiga Zauren Baje Koli

Tsakure

An fi sanin gidan adana kayan tarihi na Jos da kawunan yumɓu na Nok, alhali ya karɓi abubuwa biyu da suka shafi ɗalibin ilimin addini kai tsaye: tarin rubutattun littattafan Larabci na malaman ƙasar nan, da kwaikwayon ginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda abubuwan biyu suka isa Jos da mutanen da suka kai su. Ta kuma nuna cewa gidan tarihi ya kuɓutar da takarda da fasalin gini daga halaka, amma karatun da ke raya littafi da yaɓen da ke raya ginin ƙasa suna nan a wuyan al'ummar da ta gaje su.

1.0 Gabatarwa

Tun ƙarnoni masu yawa malaman ƙasar Hausa da Barno suka san adana littafi. Akan sa warƙoƙinsa a tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafaka, a rataye inda gara da danshi ba za su kai ba. Idan lokacin darasi ya yi sai a sauko da shi, ɗalibi ya karanta, malami ya fassara ya yi sharhi, sannan a mayar. Ajiye littafi a akwatin gilashi don jama'a su zo kallo, tare da ɗan bayani a ƙarƙashinsa, baƙon tsari ne da ya zo tare da Turawan mulkin mallaka.

Ɗaya daga cikin wuraren da tsare-tsaren nan biyu suka fara haɗuwa a Arewacin Nijeriya shi ne Jos, garin da haƙar kuza ta raya a farkon ƙarni na 20, nesa da tsofaffin cibiyoyin ilimi irin su Katsina da Kano da Sakkwato. Sanin yadda hakan ta faru yana da amfani ga mai nazarin addini a yau, domin wani kaso na abin da magabata suka rubuta yana hannun hukumomin da ba don karantar da shi aka kafa su ba.

2.0 Daga Ramin Kuza Zuwa Gidan Tarihi

A shekarar 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a kula da shi sosai ba sai a farkon shekarun 1940, lokacin da aka kai wa Bernard Fagg wani kan makamancinsa daga yankin Jama'a. Fagg jami'in mulki ne da ya karanta ilimin tonon kufai a Ingila. Da ya kwatanta kawunan biyu ya ga salon ƙirarsu ɗaya ne, sai ya nemi masu ma'adinai su riƙa ajiye duk abin da suka ci karo da shi a ramuka. Bincike ya nuna daga baya cewa an ƙera waɗannan siffofi ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma a Taruga an tono murahun da mutanen wancan zamani suka narkar da tama a ciki.

A daidai wannan lokaci gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa Kenneth Murray aikin kula da kayan tarihi a 1943, aka buɗe gidan tarihi na farko a Esie a 1945, sannan na Jos a 1952 a ƙarƙashin kulawar Fagg. Shekara guda bayan haka aka kafa dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba da izini ba. A 1963 hukumar UNESCO ta taimaka aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka a nan Jos.

Wannan asali ya yi tasiri a kan yadda Musulmin Arewa suka ɗauki gidan. Abin da mai ziyara zai fara gani siffofin mutane ne da na dabbobi, waɗanda jama'a ke kira gumaka. Malamin da ya karanta hukuncin ƙera sura mai inuwa a littattafan Malikiyya ba zai ga wurin a matsayin nasa ba. Sai dai ƙera sura ko girmama ta daban ne da duban abin da al'ummun da suka shuɗe suka bari don ɗaukar darasi. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen mutanen farko, kuma a Surar Yunus ya ambaci tsirar da gawar Fir'auna domin ta zama aya ga na baya. Nisantar da malamai suka yi wa gidan ta sa sa'ad da littattafansu suka shiga ciki, wasu ne suka karɓe su, suka tsara su, suka yi musu bayani.

3.0 Shigowar Littattafai

Shekarun 1950 lokaci ne da masana tarihi suka fara farga da yawan abin da aka rubuta da Larabci a wannan yanki. A Ibadan, W. E. N. Kensdale ya fitar da fihirisar rubutattun littattafan da ɗakin karatun jami'a ya tara, daga 1955 zuwa 1958. Duk da haka har a 1963 wani shahararren malamin tarihi a Ingila, Hugh Trevor-Roper, yana da'awar cewa Afirka ba ta da wani tarihin kirki sai na Turawan da suka shige ta. Kowace warƙa da aka samu daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Malam Abdullahi ko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello hujja ce a kan wannan da'awa.

A ɓangaren Jos, mutumin da ya fi fice a wannan aiki shi ne A. D. H. Bivar, wanda ya yi wa sashen kayan tarihi aiki a ƙarshen shekarun 1950. Ya zaga masarautu yana duba littattafai da wasiƙun sarakuna da takubba da sulke. Ta haka gidan ya tara rubuce-rubuce sama da dubu, na fiƙihu da tauhidi da nahawu da madahu da tarihi. A 1965 Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka buga fihirisarsu a Landan, haɗe da na ɗakin karatu na Lugard Hall da ke Kaduna.

Abin da baje koli ke iya nunawa game da littafi ba ƙarami ba ne. Mai kallo zai ga rubutun Barnawa mai kauri, da baƙar tawada ga baƙaƙe da ja ga wasula da ɗigon rawaya ga hamza, kamar yadda aka saba a mus'hafin ruwayar Warshu. Zai ga zayyanar da ake yi a farkon rubu'i, da kalmar da marubuci kan sa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba, tun da ba a ɗinke warƙoƙin ba. Idan aka ɗaga takardar ga haske akan ga alamar jinjirin wata uku, shaidar cewa daga arewacin Italiya ta fito, ta ratso Sahara a kan raƙuma. Shafi ɗaya ya isa ya ba da labarin kasuwanci da sana'a da tsarin karatu.

Amma shafi ɗaya ne kawai, domin littafin da ke cikin gilashi a buɗe yake a wuri guda. Labarin wasu mus'hafai na Barno ya bayyana iyakar wannan. Bivar ya ɗauki hoton wasu tsofaffin kwafin Alƙur'ani waɗanda aka cika tsakanin layukansu da sharhi, ɗaya daga ciki yana ɗauke da tarihin shekarar 1080 bayan Hijira, daidai da 1669. Ya lura cewa wani sashe na sharhin ba Larabci ba ne, tsohon harshen Kanembu ne. Hotunan sun yi shekaru kusan arba'in ba a yi musu cikakken nazari ba, sai a farkon wannan ƙarni da masanin harshe Dmitry Bondarev ya duƙufa a kansu. Abin da ya taimaka wajen buɗe ma'anarsu shi ne har yanzu akwai malamai a Barno da ke fassara Alƙur'ani da Tarjumo, harshen karatu da ya gangaro daga wancan tsohon harshe ta hanyar ɗauka daga bakin malami. Da silsilar nan ta yanke, da hotunan sun zama rubutun da ake gani ba a san abin da yake faɗa ba.

Irin wannan ne ya faru a Sakkwato ta wata fuska. A farkon shekarun 1960 Murray Last ya zauna yana karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, a gaban mai ɗakin, wanda ya san marubutan da zuriyarsu da dalilin kowace wasiƙa. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1967 ya sauya yadda ake rubuta tarihin Daular Usmaniyya.

4.0 Masallacin Zariya a Kan Dutsen Jos

Abu na biyu da gidan ya karɓa daga gadon Musulunci gini ne. An gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, a hannun Babban Gwani Malam Mika'ilu. Da tubali da azarar giginya ya ɗaure bakunan gizo masu tsawo, ya aza tulluwa a kansu, ya ƙawata ginshiƙai da zane mai zurfi. A jikin masallacin akwai ɗakin shari'a, da zauruka na alwala a mashigai. Masana gine-gine suna lissafa shi a sahun gaba na abin da maginan ƙasar Hausa suka taɓa yi.

Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya fara auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1950, yana zana fasalinsu dalla-dalla. A shekarun 1970 ya koma Jos ya jagoranci kafa wani fili na baje kolin gine-ginen gargajiya kusa da gidan tarihi, inda magina suka tayar da kwaikwayon masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da na fadar Katsina. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990.

A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma aka sabunta masallacin na asali: aka rushe sassansa na waje, aka tayar da ginin siminti, aka bar wani ɓangare na tsofaffin bakuna a cikinsa. Kano ta riga ta yi makamancin haka a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda sabon masallaci ya maye gurbin na ƙasa. Masu wannan aiki suna da uzuri: masallata sun ƙaru, ginin ƙasa kuma yana neman gyara kowace shekara. Amma sakamakon shi ne wanda yake son ganin cikakken fasalin aikin Babban Gwani sai ya nufi zane-zanen Dmochowski da kwaikwayon da ke Jos.

Shi ma kwaikwayon yana da tasa matsala. A Zariya, a da masallacin yana da jama'ar da ke salla a cikinsa, ana kuma yi masa yaɓe a kai a kai. Na Jos ba shi da liman ko mamu, ga shi ruwan saman Jos ya fi na Zariya yawa, don haka rayuwarsa ta rataya ga kasafin kuɗin hukuma. Ginin ƙasa da ba a shiga, ba a yaɓe, ba ya daɗewa.

5.0 Abin da Ya Rage a Wuyan Malamai

Tun 1979 gidan Jos yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kafin nan da bayan nan an samu wasu ma'adanai: shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964, Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, hukumar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, da Gidan Makama a Kano. Babu mai musun alherinsu. Littafin da ya tsaya a gida yana fuskantar gara da gobara da ɗigar soro, kuma idan aka zo rabon gado akan raba warƙoƙinsa tsakanin magada. Amma ma'adanar hukuma ma ba ta kuɓuta daga haɗari ba: a 1987 ɓarayi sun shiga gidan Jos sun kwashe wasu kayayyaki masu daraja.

Akwai tambayoyin da masanin fiƙihu ne kaɗai zai amsa. Malikiyya sun halatta hubusin littattafai, kuma manufar mai yin hubusi ita ce a karanta. Idan irin wannan littafi ya faɗa hannun gidan tarihi, ta yaya za a cika sharaɗin mai shi? Wane ladabi ya kamata a bi wajen ɗauka da ajiye mus'hafin da ake nunawa? Littafin da magada suka bayar, kyauta ce ko ajiya? Haka nan fihirisar da aka yi a 1965 tana neman wanda ya karanci waɗannan fannoni a zaure ya sake duba ta, ya tantance marubuta, ya karanta hashiyoyi da Ajamin da ke gefen shafi.

6.0 Kammalawa

Tarihin gidan Jos ya nuna cewa baƙi ne suka fara ganin darajar ajiye littattafan malamai da fasalin masallatansu a bainar jama'a, kuma sun kuɓutar da abin da ƙila da ya salwanta. Ya kuma nuna cewa duk inda ajiyar ta haifar da ilimi, kamar a Barno da Sakkwato, to an samu malami mai silsila a kusa da ita. Sassan nazarin addinin Musulunci da na Larabci a jami'o'i su ne suka fi cancanta su cike wannan gurbi, ta hanyar tura ɗalibai su yi tahƙiƙin littattafan, su buga su, su mayar da su cikin darasi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rubuta da waɗanda suka gina, Ya ba na baya ikon riƙe amana.