Fagen Lantarki da Gudanar Lantarki: Abubuwa Biyu da Muke Kira "Wuta"

A bakin Bahaushe kalma ɗaya ce, wuta. An kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja wane. Amma a kimiyya abubuwa biyu ne ke cikin wannan kalma, kuma a ganina rashin rarrabe su yana cikin abin da ke jawo asarar rayuka a yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

Na farko shi ne fagen lantarki. Duk abin da ke ɗauke da caji yana shimfiɗa wani ƙarfi a sararin da ke kewaye da shi, mai jawo wani cajin ko ya ture shi, ko da babu abin da ke motsi. Ɗan firamare a Ruwan Ɓore da ya goga biro a gashin kansa, ya kusantar da shi ga gutsattsarin takarda suka yi tsalle suka manne, ya ga aikin fage da idonsa. Charles Coulomb na Faransa ya auna wannan ƙarfi a 1785, daga baya Michael Faraday na Ingila ya siffanta shi da layuka masu ratsa sarari. Ana auna fagen da bolt a kowace mita.

Na biyu gudana ce, wato tafiyar cajin kansa ta cikin waya, ko ruwa, ko jikin mutum, ma'auninta kuwa ampiya. Fage ke turawa, sai an sami hanya sannan gudana ta auku. Soket ɗin da ba a jona masa komai ba yana da bolt 230 da fagensa, amma mitar wuta ba ta cin ko kwabo saboda shi. Ana jona fanka, fagen zai bi waya da saurin da ya kusa na haske, alhali su elektiron, ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin, ba su cika yin milimita ɗaya a daƙiƙa ba. A tsarinmu ma gaba da baya suke yi, sau 50 a daƙiƙa, don haka elektiron ɗin Kainji ko Shiroro ba su taɓa zuwa Gusau ba. Turin ne ke isowa.

Hunturu yana nuna bambancin a fili. Ka yaye bargo da dare, ka ji ƙas-ƙas, ka ga tartsatsi a cikin duhu. Wannan dubban bolt ne, ya ninka na soket sau da yawa, amma cajin kaɗan ne, yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Soket kuwa ba ya ƙarewa. Kashi ɗaya cikin dubu na ampiya jiki zai ji shi. Idan ya haura kashi 10 zuwa 20 cikin dubun, hannu na iya ƙanƙamewa ya kasa sakin waya. Wajen kashi 100 cikin dubun ta ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Gudana ke kisa. Shi ya sa tsuntsu ke zama kan waya lafiya lau: ƙafafunsa biyu suna kan matsin lantarki, wato bolt, kusan ɗaya, babu abin da zai tura caji ta jikinsa.

Daga nan wasu ke yin kuskure mai tsada, su ce in dai ba ka taɓa waya ba, ba komai. Iska tana tare gudana ne zuwa wani haddi, kimanin bolt 30,000 a kowace santimita, kuma a bakin abu mai tsini fage yana taruwa ya kai haddin da wuri. Idan ya kai, iskar kanta ta zama hanya, kamar yadda walƙiya ke yi da damina. Babbar wayar da ke kawo wa Gusau wuta daga Funtuwa tana ɗauke da bolt 132,000. Mai ɗaga rodi a kan gini, ko yaron mota da ke tsaye bisa lodin buhunan masara, wuta na iya tsallakowa ta same shi tun bai taɓa ba. Wannan ne dalilin ƙa'idar barin fili mai faɗin mita 30 a ƙarƙashin irin wannan layi ba tare da gini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar da ta tsinke ta faɗi a gona. Gudana na bazuwa cikin ƙasa, musamman jiƙaƙƙiya, matsin yana raguwa gwargwadon nisa daga wayar. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kusa, bambancin zai tura caji ya hau ta wannan ya sauka ta waccan. Saniya ta fi mutum shiga haɗari, domin tazarar ƙafafunta na gaba da na baya ta fi faɗi, kuma zuciyarta na kan hanyar.

Manomi ko makiyayin da ya ga waya a ƙasa ya tsaya aƙalla mita 10 nesa, ya kore dabbobinsa, ya sanar da ma'aikatan wuta. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita kuwa ya haɗe ƙafafunsa, ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗagawa ba har ya yi nisa.