Amodari a ƙasar Madarunfa: tarihin cuta da sunayenta

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba tarihin yaƙi da amodari, cutar da Faransawa ke kira trachome, ta fuskar harshe. Abin da muke son nunawa shi ne, likita da jama'a ba a mataki ɗaya suke raɗa wa cutar suna ba.

2. Daga Bamako zuwa Maraɗi

A zamanin mulkin mallaka, cibiyar IOTA ta Bamako, wadda aka kafa a 1953, ita ce ke lura da cututtukan ido a yankin Afirka ta Yamma na Faransa. A 1957 aka keɓe ƙwayar cutar, Chlamydia trachomatis, a birnin Pekin. A 1987 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta kasa alamun cutar gida 5, daga ƙurajen cikin fatar idon yaro har zuwa dushewar baƙin ido. Daga baya ta fito da dabarar CHANCE: aikin fatar ido, magani, wanke fuska da tsabtace muhalli. A 1998 kamfanin Pfizer ya fara ba da azitromisin kyauta. Binciken ƙasa da aka yi a Nijar tsakanin 1997 da 1999 ya nuna cewa jihohin Damagaram, Difa da Maraɗi ne cutar ta fi kamawa, Madarunfa kuwa gunduma ce ta Maraɗi, a bakin iyakar Katsina.

3. Matsalar suna

CHANCE kalma ce mai ma'anar sa'a ga wanda ya yi lakkol, amma a bakin Bahaushe harufanta ba su haɗa komi. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, jan idon yaro da kwantsa «ciwon ido» kawai ake ce musu, ko «apolo», sunan wata annoba dabam da ta ɓulla a Gana a 1969. Sai bayan shekaru, in tabo ya lanƙwasa fatar ido, gashi ya juya yana gogar ƙwayar ido, sannan a ɗauki abin da gaske, a nemi matsefata. Alhali a jikin yaro cutar take yaɗuwa, ta yatsu, gefen zane da ƙudan da ke hayayyafa a bayan gida na fili. Shi ya sa mata, masu renon yara, suka fi maza makancewa.

4. Kammalawa

Ma'aunin OMS shi ne cutar ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100 ga yara masu shekara 1 zuwa 9, wa'adin kuwa an ɗaga shi daga 2020 zuwa 2030. Saboda haka muna ganin ya kamata saƙon rediyo da na masallaci su ɗaure idon jika da na kaka da suna ɗaya. Tattara waɗannan sunaye ƙauye-ƙauye, daga Dan Isa zuwa bakin tafkin Madarunfa, aiki ne da ke jiran ɗalibanmu.